Ranar Da Na Zama Masanin Giya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi a Birmingham, ko da kuwa na so in manta. Yanzu na haura saba'in, sunan jikana ma sai na kira biyu kafin in cafko na ukun, amma wannan rana tana nan daram a kaina, har da baƙar falmaran ɗin da ke jikina wadda maɓallinta na ƙasa ya ƙi shiga.

Ni dai ban taɓa kai giya bakina ba. Ina so a riƙe wannan tun daga farko, domin shi kaɗai ne abin kirkin da zan faɗa game da kaina a labarin nan.

Shekara goma sha tara na yi ina kula da wani gida na ƙaramar hukuma a unguwar Levenshulme da ke Manchester, inda tsofaffi ke zuwa su yini. Ni ne buɗe ƙofa, ni ne kunna hita, ni ne goge ƙasa da gyaran famfo. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka fara rufe ɗakunan karatu da wuraren wasan yara, muka ce ai ba za a taɓa tsofaffi ba. Aka taɓa su. Ranar da na miƙa makullai ina da shekara hamsin da takwas, ga gwiwa mai ciwo, ga takardar firamare da ba wanda ya taɓa neman gani.

Wata bakwai ina yawon neman aiki. Da farko Hajiya, mai ɗakina, takan tambaye ni da na dawo. Daga baya ta daina tambaya, sai ta ajiye min abinci ta koma ɗaki, kuma wannan shirun ya fi tambayar ciwo. Ga shi a masallacinmu na Old Trafford ni dattijo ne na sahun gaba. Idan ladan bai zo ba ni ke kiran salla. Idan miji da mata sun saɓa ni ake kira. Ba wanda ya san da safe fita nake yi kawai in zauna a tashar bas don maƙwabta su ga na fita.

Sai ga wayar Issifu. Abokina ne tun zuwanmu ƙasar, Bahaushen Zangon Kumasi, yana zaune a unguwar Ladywood ta Birmingham, yana wankin kwanuka a wani otal a can.

"Bakano, aiki ya faɗo," in ji shi. "Sun sallami mai kula musu da giya, wai albashinsa ya yi nauyi. Suna neman mutum ɗaya mai arha da zai kai abinci ya kuma zuba kwalba. Ba kai ka yi otal a Jos ba?"

"Guga na yi, Issifu. Zanin gado nake gogewa."

"Wa ya tambaye ka guga? Otal otal ne."

"Giya fa ka ce."

"Na ce ka sha? Ni shekara nawa ina wanke tambulan ɗinsu, ka taɓa ganin ina tangaɗi?"

(Na san hukuncin mai ɗauka da mai zubawa, kada wani ya ce jahilci ne. Ni da kaina na sha karanta wa mutane shi.)

Abin da ya ja ni shi ne nisa. Birmingham ba Manchester ba ce, ba mai ganina. Na ce wa Hajiya aikin kula da ɗakin cin abinci ne, na hau bas.

Manajar otal ɗin wata Baturiya ce ramammiya mai saurin magana, tabarau kullum a goshi. Ta tambaye ni ko na san giyar inabi. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji bakin ya ce shekara goma na yi ina wannan aiki a babban otal a Najeriya. Ban san daga ina goman ta fito ba. Da na ce biyu ma da ta ishe ni. Ta ce za ta gwada ni mako biyu, idan na yi, aiki nawa ne.

A kan kujerar falon Issifu nake kwana, kuma a nan na yi karatuna kaf. Jar giya da nama, fara da kifi. Ka nuna wa mai tebur kwalba, ka zare toshiyar, ka zuba masa ɗan kaɗan. Zai juya tambulan, ya sansana, ya kurɓa, ya gyaɗa kai, sai ka zuba wa saura.

"In suka tambaye ni wani abu fa?"

"Ka ɗaga gira ka ce shekarar ta yi kyau. Haka wancan yake yi. Kai dai ka yi fuskar mai ilimi, ai kana da furfura."

Wallahi furfura ta yi min aiki. Kwana goma sha uku ba wanda ya kama ni. Har manaja ta fara ce min na iya da baƙi. Ni kuwa kullum in na tashi sai in wanke hannu har sau bakwai, kamar najasar a hannu take.

Rana ta goma sha huɗu ita ce Lahadin. Da safe manaja ta kira ni gefe, ta ce akwai liyafar rana a ƙaramin ɗaki, mutum takwas, wani tsohon likita ne ya cika tamanin. Ya zo da kwalbarsa daga gida, tsohuwa ce, a kula da ita. Ta ce in wannan tebur ya tashi da murna, gobe mu sa hannu a takarda.

Na ɗauko kwalbar daga inda aka sanyaya ta. Doguwa ce siririya, takardar jikinta ta yi jaja-jaja, da rubutun da ba Turanci ba. Na sa ta a bokitin ƙanƙara, na tura ƙofa da kafaɗa, na shiga ina fuskar mai ilimi.

Mutum na uku daga hannun dama, da lemo a gabansa, Dakta Nasir ne.

Dakta Nasir ɗan Kano ne, likitan ƙashi, sa'ar babban ɗana. A bayana yake salla. Ranar sunan 'yarsa ni na yi addu'a. Ashe tsohon nan shi ya koyar da shi aiki, shi ya sa ya tuƙo mota tun daga Manchester. Ya dube ni, ya dubi bokitin, ya dubi falmaran. Na ga ya fara yunƙurin miƙewa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, sai ya fasa, ya sunkuyar da kai yana gyara cokali. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Komawa baya babu hali, manaja na tsaye a bakin ƙofa. Na ajiye bokitin a kan mazauninsa kusa da tsohon.

Tsohon ƙarami ne, fari fat. Ya shafa kwalbar kamar mai shafa kan yaro, ya fara ba baƙinsa labari. Ya ce shi da matarsa suka sayo ta a Jamus, a wata gona a bakin kogi, shekara ashirin da biyar da suka wuce. Mai gonar ya ce musu wannan ba ta gaggawa ba ce. Matar ta ce to sai ranar da ya cika tamanin. Sau uku yana so ya buɗe tana hana shi. Bara ta rasu.

'Yarsa da ke gefensa ta dafa masa hannu.

Na sa ƙarfen zare toshiya. Toshiyar ta tsufa, tana neman marmashewa. Na riƙa ja a hankali ina salati a zuci, sai na tuna abin da nake yi wa salatin, na yi shiru. Da kyar ta fito ba ta karye ba. Na zuba kaɗan a tambulan na miƙa masa, ina cewa a raina saura ƙiris in fita.

Bai karɓa ba.

"A'a, abokina," in ji shi. "Tun da na yi jinya hancina ya mutu, harshena ma haka. Komai ruwa ne a bakina. Irin wannan kuwa wani lokaci takan lalace a cikin kwalba, ba na so in ba baƙina abin da ya mutu. An ce min kai ne masaninsu. Ɗanɗana ka gaya mana."

Manaja ta yi murmushi daga bakin ƙofa. "Shekara goma ya yi yana wannan aiki," ta ce.

Kun ga inda na tsaya. In na ce ba na sha, ƙaryata ta fito, aiki ya tafi, in koma tashar bas. In na kurɓa, a gaban Dakta na kurɓa, ni da ke kiran salla. Kuma ko Dakta bai gani ba akwai Mai gani, amma gaskiya, kuma ina jin kunyar faɗa, a wannan minti Dakta na fi tsoro.

(Akwai wani ɗalibi da na taɓa tsarewa a ƙofar masallaci, a gaban mutane, don na ji yana jera gwangwanayen giya a wani kanti. Na ce masa gara yunwa. Yaron bai sake zuwa masallacinmu ba. Fuskarsa ce ta zo min a lokacin, ba ta kowa ba.)

Na ɗaga tambulan. Dabara ta zo min: in manna leɓɓana, in karkata shi, abin ya taɓa gashin baki ya koma, in ce shekarar ta yi kyau. Amma daga inda Dakta yake zaune ba zai bambance mai sha da mai kwaikwayon sha ba. Na ce bari in ja lokaci.

Na ɗaga shi sama ina duba launi, kamar yadda na ga suna yi. Nan na fara shakka. Fara suka ce, kuma duk fararen da na zuba a mako biyun nan kamar ruwan lemun tsami suke. Wannan kuwa ta yi jawur-jawur, kamar man gyaɗa da aka soya kifi da shi. Na juya tambulan. Na sake juyawa. Mutum takwas na kallona, ba mai motsi. Wata mata ta ajiye cokalinta a hankali don kada ya yi ƙara. Juyi ya ƙare, ba sauran abin yi. Na kai hanci.

Kananzir.

Na ja da baya, na sake sansanawa. Kananzir ne, ba tantama. Ni ba a koya min wannan wari. Mahaifiyata a Fagge kananzir take sayarwa a kwalba, man gyaɗa ma a kwalba, kuma dokar gidanmu ta farko ita ce kwalbar wannan ba ta zuwa kusa da ta wancan. Kwalbar da ta taɓa cin kananzir ko da toka ka wanke ta sau goma ba ta mantawa. Na ga ɗan maƙwabtanmu da ya kurɓa daga irin wannan kwalba, aka kwashe shi zuwa asibiti yana kumfa.

Abin da na ji a raina, in faɗi gaskiya, ba tsoro ba ne. Murna ce. Na ce Allah Ya kawo mafita. Ba zan sha ba, ba zan tonu ba, kuma ga ni zan ceci rai takwas. Ko da wani ɓangare na zuciyata ya ce tsaya ka tambaya, ban saurare shi ba, don amsar da na samu ta yi min daɗi.

Na ajiye tambulan a tebur, na ɗaga murya. "Kada kowa ya taɓa wannan. Ta lalace. Guba ce."

Tsohon ya miƙo hannu wajen kwalbar yana cewa, "Dakata, bari..." Ni kuwa na ɗauka gardama irin ta tsofaffi zai yi, ai shekara goma sha tara ina ƙwace musu abin da zai cuce su. Na riga shi. Na fizge kwalbar, na kifa bakinta cikin bokitin ƙanƙara. Har yau ina jin ƙarar. Ɓul, ɓul, ɓul. Ban ɗago ba sai da ta yi shiru.

"Baba!" Muryar Dakta ce, da Hausa, ta kuɓuce masa.

'Yar tsohon ta rufe baki da hannu biyu. Manaja ta taho da sauri, tabarau ya faɗo mata kan hanci. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam da kwalba a hannu, ƙirji a buɗe, ina jiran godiya.

Tsohon bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dube ni ya ce a hankali, "Me ka ji a ciki?"

"Kananzir, ranka ya daɗe. Wani ya taɓa zuba kananzir a kwalbar nan kafin a sa giyar. Na san warin tun ina yaro."

"Kananzir," ya maimaita. "Sosai?"

"Sosai."

Ya lumshe ido. Sannan ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Kin ji? Ta kai. Uwarki ta yi gaskiya." Ya sake dubana. "Mai gonar ya gaya mana. Ya ce irin wannan inabi idan ya tsufa da kyau sai launinsa ya koma na zinariya, ya riƙa ƙamshin kananzir. Ya ce ranar da kuka ji wannan, ta nuna. Shi muke jira shekara ashirin da biyar."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dubi bokitin. Ƙanƙara na yawo a cikin ruwa rawaya.

Manaja ta fara ba da haƙuri, kalma na hawa kan kalma, tana cewa otal zai nemo wata. Tsohon ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya nuna tambulan ɗin da na ajiye, wanda ɗan abin da ke cikinsa bai fi kurɓa biyu ba. Shi kaɗai ya rage.

"Hancinka na aiki," ya ce min. "Nawa ba ya yi. Sake sansanawa ka gaya min sauran abin da ke ciki."

A nan ƙarfina ya ƙare. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ba masani ba ne. Ban taɓa shan giya ba a rayuwata, addinina ya hana ni. Guga na yi a otal, ba wannan ba. Ƙarya na yi don in sami aiki." Na faɗa da ƙarfi yadda manaja za ta ji, Dakta ma ya ji.

"Na gane hakan," in ji tsohon. "Ban ce ka sha ba. Sansanawa na ce."

Na ɗauka da hannu biyu. Wannan karon ba fuskar mai ilimi, na sansana kawai. Kananzir ɗin na nan a gaba. Da na daure na tsaya, sai na ji wani abu a bayansa. Na ce masa akwai zuma, irin wadda ta daɗe a tulu. Akwai ɓawon lemun tsami. Can ƙasa kuma akwai ƙamshin dutse idan ruwan farko ya sauka a kansa.

"Dutse," ya ce, yana gyaɗa kai. "Gonar a kan dutse take."

Ya karɓa ya miƙa wa 'yarsa. Ta kurɓa ɗaya tana hawaye, ta mayar masa, ya shanye sauran da ba ya jin ɗanɗanonsa. Baƙi biyar suka ɗaga tambulan ɗin ruwa, Dakta ya ɗaga lemonsa.

Manaja ba ta jira gobe ba. A bayan kicin ta karɓi falmaran ɗinta, kuma ban ga laifinta ba. Issifu ya leƙo daga wajen wanki, kumfa har gwiwar hannu, ya ce, "Bakano, na ce ka ɗaga gira. Gira! Wa ya aike ka da bokiti?"

Na fito da 'yar jakata zan nufi tashar bas, sai ga mota ta tsaya a gabana. Dakta ya fito ya buɗe min ƙofar gaba, ya rusuna. "Baba, ina wuni. Manchester za ni." Kamar a ƙofar masallaci muka haɗu.

Mun fi awa ɗaya a hanya. Ni ina kallon gonaki, shi yana kallon titi. Ina ta shirya abin da zan ce, duk wanda na shirya sai in ga bai isa ba. Daga ƙarshe na ce, "Dakta, abin da ka gani..."

"Baba, ni ban ga komai ba. Liyafa na je." "Amma da ka gaya mana tun watannin baya. Ba ka rasa 'ya'ya a garin nan ba."

Wannan ta fi zubar da kwalbar zafi, don gaskiya ce. Girman kai ne ya kai ni Birmingham, ba yunwa kaɗai ba.

Can muka ratse gidan mai. Ya kashe mota, ya buɗe ƙofa, sai ya leƙo da fuska ba alamar wasa.

"Baba, don Allah ka zauna a ciki. In ka ji wari kada ka zubar musu, haka nasu yake."

Na yi dariya har hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Da na isa gida na gaya wa Hajiya komai, tun daga guga har bokiti. Kwana biyu ba ta yi min magana ba, rana ta uku ta ce in tuba ga Allah sannan in rubuta wa tsohon takarda. Na yi duka biyun. Bayan wata ɗaya Dakta ya haɗa ni da wani da ke da shagon wanki da guga a kan titin Stockport, na koma sana'ata ta Jos, na yi shekara shida ina goge rigunan mutane. Ban taɓa ƙona ko ɗaya ba, don wannan kam na san ta.

Tsohon ya amsa min da layi uku. Ya ce ya yafe, kuma in daina damuwa, don a cikin mutum goma da ke ɗakin ni kaɗai na gaya masa matarsa ta yi gaskiya. Ni dai ban daina damuwa ba. Ƙaryata ce ta shanye rabon mutum biyar ba tare da ta buɗe baki ba.

Yanzu idan matasa suka zo neman shawara, sai in ce musu abu ɗaya na koya da tsufana. "Ban sani ba" ba ta da nauyi a baki, furfura ce ke sa ta nauyi. In kuma har ka kasa faɗinta, ka ga dole sai ka yanke hukunci a kan abin da ba naka ba, to aƙalla ka ajiye kwalbar tukuna.